Wasiyyar Sada a Kan Kurmi

A shekarun da auduga ta yi daraja, har ana cewa injin gurza na Funtua ba ya ƙoshi, Labo ya sa wa kurmin bayan gidansu ido. Kurmin ba wani babba ba ne, tsamiya ce da kanya da ɗorawa suka haɗa kai, ga idon ruwa a ƙarƙashinsu. Tun kaka da kakanni Maguzawan gidan ba sa kai masa gatari, ko busasshen reshe sai ya faɗo da kansa. A nan ubansa Sada yake yi wa iskoki yanka kafin shuka.

Shi kuwa Labo bai daɗe da zama Kirista ba, kuma ka san sabon shiga da zafi. Abin da ke cin ransa shi ne maganar ƙarshe da Sada ya yi masa a kan tabarmar ajali, da baki babu haƙori: "Ka kiyayi kurmin nan." Labo ya ɗauke ta gargaɗi, ya yi shekaru yana kewaye wurin kamar akwai kura a ciki. Yanzu da tsoron iskoki ya fita daga ransa, sai kunyar tsoron ta maye gurbi. Ya ƙudura zai sare kurmin ya zuba auduga, kowa ya shaida.

Ran Lahadi, a rumfar zana da suke sujada, Malam Maitama mai bishara daga Kafur ya yi wa'azi a kan Adamu, cewa Allah ya sa shi a gona ya noma ta, ya kuma kula da ita. Da aka tashi Labo ya faɗa masa niyyarsa, yana jiran madalla. Malam ya ce shi dai a saninsa iskoki ba su taɓa shuka ko tsamiya ɗaya ba, wanda ya halicci Labo shi ya halicce ta. Yanka ne aka ce a bari, itace bai yi zunubi ba. Amma gona tasa ce, shawara ta rage gare shi. Labo ya koma gida ba daɗi.

Washegari yana wasa gatari a tsakar gida, uwarsa Baturiya, wadda har yanzu take kan al'adar gidan, tana kaɗi a gefe. Ta tambaye shi wane itace ne ya yi laifi. Ya ce kurmi ne, Baba ya ce ya kiyaye shi don tsoro, shi kuwa tsoro ya ƙare.

Tsohuwa ta tsayar da mazari, ta ce ya maimaita mata maganar daidai yadda ya ji ta. Ya maimaita.

"Kiyayi?" in ji ta. "Ka kiyaye ya ce, ina zaune a wurin. Mutumin da ke barcin rana a gindin kanya, shi zai tsorata ka da ita? Ya ga yadda maƙwabtanmu su Mati suka sare nasu, rijiyarsu ta bi bayan itatuwan. Ba kai ya ji wa tsoron kurmi ba, Labo. Kurmin ya ji wa tsoronka."

Ta ci gaba da kaɗinta kamar ba ta ce komai ba.

Labo ya daɗe zaune da gatari a cinya. Baƙin ciki ya kama shi, don ashe amana aka ba shi, shi kuma ya yi ta gudunta. Ya jingine gatarin ya shiga kurmin, abin da bai yi ba tun rasuwar Sada. Ya tarar idon ruwan ya kusa toshewa da ganye da laka, don tsohon ne kaɗai ke yashe shi duk shekara. Ya naɗe wando, ya durƙusa, ya fara kwasa da hannu.