Ranar da Bunsuru Ya Hana Ni Rana

Daren jiya wani mafarki ya ɗauke ni, na tsinci kaina ina tuƙa wata doguwar mota mai ɗaki a cikinta, da gado da ɗan firji. Mahaifiyata, Inna Tabawa, tana kwance a baya. A cikin firjin nan allurarta ta ciwon suga take, kuma zafi lalata ta yake yi.

Muna tsakiyar wani fili sai batir ya mutu, firji ya yi tsit.

Na fito da farantan sola masu naɗewa kamar tabarma, na shimfiɗa su a ƙasa, na jona waya. Ina ɗagowa na ga tebur a gabana, wani bunsuru sanye da tabarau yana zaune a bayansa.

"Malama, wa ya ba ki izinin ɗibar rana?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, tun yaushe rana ta zama ta wani?"

"Ta yau ta ƙadangaru ce. Mutane sai bayan damina."

Na waiwaya. Ga ƙadangaru kuwa a layi, kowane da tawul a kafaɗa.

"Maganin uwata ba zai kai bayan damina ba," na ce. "Ba zan naɗe ba."

Ya buga kofato a tebur. Rana ta sauko a hankali kamar guga, ta shige wata rijiya da ke gefen hanya. Sai ruwan sama ya fara tasowa daga ƙasa yana tafiya sama, yana jiƙa mana tafin ƙafa.

Na ja farantan zuwa bakin rijiyar, na kife su fuska ƙasa. Haske ya buge su daga ciki, batir ya yi atishawa.

Sai ga awakin ofis sun fito daga aljihun tebur, sun kama wayar da tauna. Na kori wannan, waccan ta dawo, har suka raba ta biyu. Na ji hawaye yana hawa goshina.

Inna ta sauko daga mota da ɗankwalinta a karkace. Ta kama wannan bakin waya da dama, wancan da hagu, ta tsaya a tsakiya.

"Inna, wuta za ta ja ki!"

"Ke dai riƙe farantanki. Na haife ki ba fitila, wannan 'yar wutar ce za ta ba ni tsoro?"

Wuta ta bi ta cikinta. 'Yan kunnenta suka kama haske. Ta dubi awakin ta ce, "To bismillah, ku zo ku tauna ni."

Ba wadda ta matso.

Bunsurun ya cire tabarau. "Hajiya, wannan saɓa doka ne."

"Ka je ka faɗa wa dokar ina nan tsaye."

Firji ya fara gurnani. Na leƙa, na taɓa kwalbar allurar, sanyi ƙalau. Bunsurun ya sunkuyar da kai, ya shiga cin teburinsa daga kusurwa.

A nan na farka. Maƙwabcinmu Malam Sallau ne yake ta fizgar igiyar janareto, injin yana tari yana mutuwa, ga rana ta cika tsakar gida ba mai ɗiba.