Mai Sanarwa a Ɗakin Jira

Bai gama faɗin sunan tsohon ba, wata mata a bencin baya ta ɗora hannu a ka ta fara salati. Tsohon kuwa yana zaune kusa da ita da ransa, ciwon gwiwa ne kawai ya kawo shi. Mai Sanarwa ya sauke makirfo ya saci kallon agogon bango. Tara ba ta cika ba, ita ce ta uku da ya sa kuka.

Shekara ashirin da biyu ya yi yana karanta sanarwar rasuwa a gidan rediyo, kafin a rage ma'aikata a haɗa da shi. Da ya ji asibiti na neman mai kiran marasa lafiya su shiga wurin likita, ya ce wa matarsa aiki ya zo har gida, ai kiran suna ne, shi kuwa bai taɓa ɓata sunan kowa ba. Ita dai cewa ta yi ya riƙa tunawa waɗannan suna ji. Aka ba shi gwajin mako guda, yau ce ranar ƙarshe.

Matsalar muryar ce, kowa ya san ta, kuma ba wanda ya taɓa jin alheri daga gare ta. Ya gwada siranta ta, sai ta fito kamar yana kuka. Ya gwada haɗawa da murmushi, aka ce ba shi da imani. Ranar Talata kuma baki ya suɓuce, ya kira wani direba, ya ɗora da cewa mai shekara hamsin da huɗu, bayan gajeriyar rashin lafiya. Direban ya miƙe ya tafi gida, ko katinsa bai tsaya karɓa ba.

Shi ya sa yau babbar nas ta jawo kujera ta zauna a gefensa tana rubuce-rubuce. Tsoro ya kama shi sosai. Mutum mai shekara hamsin da ɗaya, in aka sake sallamar sa, bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, kuma ya gaji da zaman gida yana kashe wa yara talabijin.

Ana cikin haka sai ga wani ɗan kwangila da ke zuwa awon hawan jini duk mako, wanda bai taɓa bin layi ba. Saboda shi an sha cacar baki a ɗakin, har benci ya taɓa karyewa. Ya ratsa mutane da ƙamshin turarensa, ya ɗora katinsa a saman na kowa, ya ce a kira shi yanzu, yana da taro.

Mai Sanarwa ya ɗauki katin. Ya ɗaga makirfo, ya yi gyaran murya irin wanda ya saba yi kafin karatu. Ɗakin ya yi tsit, har mai shara ta tsaya. Cikin ladabi, da zuciya ɗaya, ya tambaya.

"Ranka ya daɗe, in kira ka yanzu, ko za ka jira lokacinka ya yi?"

Ɗan kwangila ya kalli makirfo, ya kalli mutane. Ya zare katinsa a hankali, ya cusa shi can ƙasan tarin da kansa.

"Ba sauri nake ba," ya ce. Ya je ƙarshen benci ya zauna, har yana matsa wa tsohon mai gwiwa.

Daga nan har tashi ba wanda ya tsallake layi. Kowa sai cewa yake wa na kusa da shi ya wuce gaba.

Babbar nas ta rufe littafinta. Ta ce shekara goma sha ɗaya tana fama da layin nan, ya zo ranar Litinin a ba shi rigar aiki, kuma kada ya kuskura ya gyara muryarsa. Daɗi ya cika shi, ya buɗe baki zai yi godiya, har ya fara ambaton sunanta. Ta ɗaga hannu da sauri.

"Malam, in kana nemana, ka tako da ƙafarka ka taɓa min tebur. Ban da kira."