Zaren Kaset a Gonar Shinkafa

Kaset uku ne kacal, kuma tun ina goye suke cikin kwallar Inna. Amma Yaya Haladu ya duba duk faɗin ƙasar Bebeji bai ga abin korar tsuntsu ba sai su.

Lokacin da ruwan Tiga ya cinye garin su Inna aka kwaso su zuwa sabon matsuguni, akwai wata mai kiɗan ƙwarya a cikinsu, Iya Badiyya. Ita ta tara matan garin, aka ɗauki waƙoƙinta a kaset har uku ana sayarwa a kasuwanni, Innarmu tana cikin 'yan amshi. Babu komai a waƙoƙin sai tsohon gari: rijiyar bakin masallaci, tsamiyar da ake sussuka a gindinta, sunayen gidaje ɗaya bayan ɗaya. Ni ban taɓa ganin garin ba, amma da za a janye ruwan a ajiye ni a can, ba zan ɓata ba.

Da waƙoƙin nan na tashi. Da kiɗansu na koyi luguden daka, kuma su suka ɓata mini kunne har ba na iya jin waƙar zamani. Ranar bikin 'yata Nusaiba da kaina na je na zare wayar mai kiɗa, mutane suna ta cewa Bushira ta cika tsufa. Su ce mana!

A kaset na uku, gefe na biyu, akwai inda Inna ta makara da amshi. Sai ta fashe da dariya ta ce, "Kai, a sake, na sha'afa!" Ba a goge wurin ba. Tunda ta rasu bara da damina, nan ne kaɗai muryarta ta rage a duniya, don ko a waya ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba.

Ranar wata Laraba na taso daga gidana a Dangora, da niyyar in kai kaset ɗin zuwa Ƙafin Maiyaki a juye mini su a waya. Na shiga ɗakin Inna, na buɗe kwalla. Wayam. Na tambayi Rashida, matar Yaya, sai ta hau sosa kai.

"Gwaggon yara, sai dai ki tambayi yayanki. Yana gona."

Tun daga kan hanya na hango abin yana walƙiya. An kakkafa sanduna a kewaye da shinkafa, an ja zaren kaset daga wannan zuwa wancan, iska tana kaɗa shi yana wani irin kuka. Kwansunan kuwa ga su nan a yashe a bakin kwalbati, an fasa ɗaya da dutse.

Ko gaisuwa ban yi ba, abin da ban taɓa yi masa ba tunda nake.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Ke, babu sallama? Tsuntsayen jan-baki ne suka sa mu gaba. Shinkafa ta fara nuna, kwana biyu kawai sun cinye mini gefe guda."

"Shi ne ka farke cikin Inna ka shanya a rana?"

"A'a, Bushira, iya bakinki! Rediyon nan shekara nawa da lalacewa? Wa ke ji? Abu yana ajiye yana cin ƙura, ga yara goma sha ɗaya suna jiran wannan gonar. Da Inna tana raye, da kanta za ta miƙo mini."

"Ƙarya kake yi mata! Babu leda a garin nan? Babu gwangwani? Waya ɗaya za ka buga mini, Yaya, ɗaya tak!"

Ya ce leda ba ta ƙyalli kamar wannan. Haka ya ce, ko kunya babu. Kai jama'a!

Na tuɓe takalmi na faɗa cikin caɓi. Sanda bayan sanda nake kwancewa, ina naɗe zaren a kara, shi kuma yana bina yana magiya in bari ko da kwana goma ne a yi yanka. Ban ko waiga ba. Kafin in kai ƙarshen gona tsuntsayen sun fara sauka a bayana, ya koma yana ihu yana jifa da ɓurɓushin ƙasa. Ko a jikina.

A Ƙafin Maiyaki, Mujitaba mai gyaran rediyo ya warware zaren a kan teburinsa ya girgiza kai.

"Hajiya, kwana nawa ya yi a rana?"

"Tara, in ji su."

Ya goge, ya liƙa inda ya tsinke, ya naɗa a wasu kwansuna da bakin biro, wuni guda yana fama. Da ya danna, sai shuuu. Can ƙasa-ƙasa ƙwarya ta buga sau uku ta nutse. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya har gefe na biyu, na kafa kunnena a jikin rediyon har zaren ya ƙare. Dariyar ba ta zo ba.

Bayan yanka Yaya ya aiko ɗan acaɓa da buhun shinkafa, wai na ban haƙuri. An ce gonar ta yi kyau duk da haka. Maigidana ya ce in karɓa, zumunci ne. Na karɓa.

Kullum da safe nakan ɗebi kwano guda in watsa a tsakar gida. Kaji su ci, tattabaru su ci, jan-baki ma sun gane gidan suna zuwa. Ina tsaye ina kallonsu ina ƙoƙarin tuno yadda Inna ta ce "a sake", amma ko yaya na yi, muryata ce ke fitowa.