Shayin Malam Maiwada da Ƙwayar Ƙarin Jini

A Kudan akwai wani mai shayi, Malam Maiwada, da jikarsa Rumaisa, 'yar aji huɗu. Gidansu ba a rasa suga da madara. Abin da ya yi ƙaranci shi ne jini a jikin Rumaisa. Da ta ɗan ruga sai jiri ya ɗebe ta, har malamin wasanni ya ce zai cire sunanta daga gasar gudun ƙarshen zango in ba ta warware ba. Ita kuwa ba abin da take so kamar gasar nan.

A asibitin garin, ma'aikaciyar lafiya Malama Martina ta auna jininta, ta ba ta ƙwayar ƙarin jini, ɗaya kullum.

Shi Malam Maiwada a wurinsa magani baƙo ne, kuma bai ga yadda za a tarbi baƙo da ruwan randa a gidan mai shayi ba. Kowace safiya sai ya haɗa mata shayi mai kauri, ganye biyu, madara har cokali ya kusa tsayawa, ta kora ƙwayar da shi.

Bayan wata guda aka sake awo. Jinin yana nan inda yake.

"Uwargida, tofarwa kike yi ko?" in ji kakan.

"Wallahi Kaka haɗiyewa nake. Ba kai kake haska min baki da tocila ba?"

"Haka ne. Har ƙarƙashin harshe nake dubawa."

Malama Martina ta tambaya, "Baba, da me take sha?"

Ya gyara zama, ya lissafa mata kayan haɗin ɗaya bayan ɗaya, yana jiran yabo.

Ta danne dariya. "Baba, haɗiyewa somin tafiya ne. Sai maganin ya ratsa bangon hanji kafin ya shiga jini. Wannan ƙwayar kuwa, ganyen shayi da madara riƙe ta suke yi a hanji, sai kaɗan ya ratsa, sauran ya wuce masai."

"Shekara talatin ina dafa shayi," in ji shi, "direbobin Makarfi da na Ikara duk sun sha. Ban taɓa jin ya tare wani a hanya ba."

"Ai su ba ƙwaya ba ne, Baba. Ta sha da ruwa, ta bi da lemon zaƙi, shi yana taimaka wa ƙwayar ta shiga. Shayin a jinkirta shi awa biyu."

"Wato lemo ya fi ni."

"A wannan aikin kaɗai."

Ya yi kwana biyu ba ya kallon mai lemon da ke kusa da teburinsa. A rana ta uku ya saya, bayan ya gaya masa cewa lemonsa duk ƙanana ne. Daga nan kullum sai Rumaisa ta sha ƙwaya da ruwa, ta tsotse lemo, shayinta kuma sai ta taso daga makaranta.

Bayan mako shida jinin ya ƙaru, aka bar sunanta. Ranar gasa ta zo ta uku cikin su biyar, ba jiri ba haki, kakan yana gaya wa na kusa da shi cewa da an bar ta da shayi da ta zo ta ɗaya.

Rumaisa dai ta gane cewa ba duk maganin da aka haɗiye ne yake isa jini ba, kuma abin da aka kora shi da shi yana iya rage shi ko ya taimaka masa.