Zaren Fumfunar Rukayyat

"Ba zan zubar ba, Oga," in ji Rukayyat, ta rungume faranten da take renon fumfuna a ciki. Daraktan ɗakin binciken ya ce ta koma aikin maleriya. Ita kuwa ta nace sai ta tabbatar cewa in aka katse zaren furotin da ke riƙe ƙwayar fumfuna kamar ƙashi, ba za ta iya tsiro ta huda huhun majinyaci ba.

Ta tabbatar ɗin, bayan shekara huɗu. Takan yi wa kanta dariya: digiri biyu, ta ƙare a renon abin da ake kankarewa daga burodi. Sau biyu ana ƙarin girma babu sunanta, ƙannenta a aiki yanzu su ne ogoginta.