Rantsuwar Alhaji Mainasara

Alhaji Mainasara, dillalin shanu da ke zaune a Daura, ya daɗe yana allurar insulin saboda ciwon suga. Da damina ƙaninsa Lawal ya nuna masa wani bidiyo a waya: a bar tuwo da fura, a koma nama da ƙwai da man shanu, suga zai sauka. Sunan tsarin kito. Alhaji ya rantse da Allah a gaban iyalinsa cewa hatsi da zaƙi sun bar bakinsa. Allurar kuwa bai rage ta ba, likita ma bai ji labari ba.

Ranar wata Talata da hantsi, matarsa Barakatu ta tarar da shi a tsakar gida, gumi ya jiƙa rigarsa, hannunsa na rawa. Lawal na zaune kusa da shi yana yi masa fifita. Ta ɗauko na'urar gwaji ta soki yatsansa. Suga ya faɗi ƙasa ƙwarai: allura na ta aiki, ga shi babu hatsi a cikinsa.

Ta dama zuma a ruwa ta kai masa baki. Ya kau da kai.

"Na rantse," ya ce, harshensa ya yi nauyi.

"Yaya, ki bar shi," in ji Lawal. "Mai bidiyon ya ce da farko haka ake ji, jiki ne bai saba ba. Kuma rantsuwa ba wasa ba ce."

"Mai bidiyon zai zo jana'iza? Ya san Alhaji na allura? Kai da ka sani, ka faɗa wa mai bidiyon?"

"Ni taimako na yi."

"To taimaka ka yi min shiru."

Ta durƙusa ta riƙe haɓar mijinta.

"Alhaji, dube ni. Rantsuwa tana da kaffara: ka ciyar da miskinai goma. Ni zan tuƙa da hannuna. Kai kuwa in ka tafi, me zan ciyar ka dawo? Buɗe bakinka."

Ya buɗe. Ta ba shi kaɗan-kaɗan har kofin ya ƙare. Can rawar hannun ta lafa, ya dubi kofin, ya dube ta.

"Wa ya karya min rantsuwa?"

"Ni. In faɗa za ka yi, ka yi a hanyar asibiti. Lawal, tashi ka nemo mota."