Burodin Kwabo Ɗaya

Jabez Thwaite ya zo Oxford da tsohon kwat ɗin babansa da kuɗin saniyar gidansu da aka sayar. Zango ɗaya ya rage masa ya karɓi digiri, ga aikin koyarwa yana jiransa a garinsu, muddin ya koma da takardar kafin Kirsimeti.

Abin da ke cinye shi shi ne battels, kuɗin ci da kwana na kwaleji. Ka karɓi burodi a tagar ɗakin abinci, a rubuta. Man shanu, a rubuta. Sai Jabez ya yi dabara, ya ƙaurace wa tagar. Dankali yake saye a kasuwa yana gasawa a murhun ɗakinsa. Ya rame har wando na zame masa.

Pomfret, maƙwabcin ɗakinsa, ɗan masu hali, ya ce, "Kai, Thwaite, wannan wane irin azumi ne? In aljanna kake so, bari a gama jarrabawa mana!"

"Cikina ne ko naka?"

Ya ci jarrabawa kuwa. Ranar biya ya shiga wurin ma'ajin kwaleji har da murmushi, don abin da ake binsa bai taka kara ya karya ba.

Ma'aji ya ce, "Ina ka shiga wannan zangon, Thwaite?"

"Ina nan, ranka ya daɗe. Ban taɓa kwana waje ba."

"Rabonka da taga tun makon farko. Da burodi muke ƙirga zama. Wanda bai ci na kwaleji ba, bai zauna a kwaleji ba. Sai ka sake wani zangon."

"Ai kowa ya gan ni! A tambayi Pomfret!"

"Ni ma ina ganinka a coci. Amma doka ba ta da ido. Da burodin kwabo ɗaya kullum ya ishe ka."

Kwabo ɗaya! Tir da wannan doka. Ba wanda ya taɓa gaya masa, don waɗanda ba su taɓa tsallake kalaci ba ina za su san da ita?

Ya fito jiri na ɗibarsa. Ya bi ta tagar, mai raba abinci ya leƙo. "Yallaɓai, ashe kana gari? Me za a ba ka?"

"Burodi," in ji Jabez. "Rubuta."

Ya cinye shi a tsaye, yana kuka. Saniyar dama ɗaya ce a gidansu.